Ragunan Turai a Wayar Maiwada

Sunana Sharhabilu, mahauci ne ni a Talata Mafara, kuma Turai yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara tara ta ba ni. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya ce na ɓoye ɓangaren da nake. Ina bayanta ɗari bisa ɗari, ko da yake duk duniya ba wanda ya kai ta iya ɓata mini rai.

A gidan fawa aka haife mu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya so a ce Turai namiji ce, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Tun tana 'yar shekara bakwai, idan aka kawo rago gida kafin a wuce da shi mayanka, sai ya kira ta ya ce ta taɓa. Ta ɗora hannu a gadon baya, ta shafa haƙarƙari, ta matsa gindin wutsiya, sannan ta ce wannan kitse ne na gaskiya, ko ta ce wannan gishiri aka ba shi ya sha ruwa ya kumbura. Da wuya ta yi kuskure. Mu maza huɗu muka gaji wuƙa, ita kuwa ta gaji sanin dabba. Har yau in na sayo rago aka feɗe aka tarar da ƙashi da fata, addu'ata ita ce kada labarin ya kai kunnenta.

Ta yi aure a Kaya, cikin ƙasar Maradun, gidan Malam Sadi tela. Malam Sadi mutum ne mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ce ka yi haƙuri. Da tinkiya guda aka kai ta, kyautar mahaifinmu. Daga wannan tinkiya ta fara, kuma yau shekara talatin da wani abu ke nan tana kiwon turka, wato ɗaure rago a turke a yi ta ciyar da shi har ya yi ƙiba.

Ba ta tara dabbobi barkatai. Bayan kowace Babbar Salla takan sa in nemo mata 'yan raguna shida ko bakwai, ramammu, irin waɗanda dillalai ke kau da kai daga gare su, sharaɗinta kawai ƙashin ya zama mai faɗi. Sai ta ɗaure su har wata Sallar ta zagayo. Harawa take ba su, da kowar wake, da dusar gero da take jiƙawa tun da safe, da 'ya'yan gawo da take shanyawa ta daka, da wani abu ɗaya ko biyu da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Na taɓa lallashinta ta faɗa mini, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai da aikinka yanka, mi za ka yi da sanin abin da sunka ci?" Da wannan kiwo ta aurar da 'ya'ya mata uku, ta sa aka yi wa gidan rufin kwano, ɗanta namiji ya yi karatu har ya zama malamin makaranta.

Da zaman ƙasarmu ya canza, mutanen daji suka fara bin ƙauyuka suna kore dabbobi, wani lokaci har da masu dabbobin, sai kiwo ya koma abin ɓoyo. Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane yadda abin ya shiga jikinmu ba. A da, in ana gaisuwa, bayan an tambayi gida da iyali da gajiya, sai a ce ina bisashe, wato dabbobi. Yanzu an cire wannan daga gaisuwa, ba tare da wani ya yi shela ba. Maƙwabcinka ya san kana da rago, yana jin kukansa, amma ba zai tambaye ka ba, kuma in baƙo ya tambaye shi zai ce bai sani ba. Turai ta kwashe ragunanta daga tsakar gida ta mai da su tsohon ɗakin surukarta da ke bayan rumbu, ta sa aka ɗaga rufin ta gefe ɗaya don iska. Wanda ya shigo gidan ba zai ga komai ba sai kaji da turmi. Shekara shida tana haka, kuma Allah ya rufa asiri.

Bara, saura wata uku Salla, babban ragonta ya fara ɗingishi. Balami ne fari tas, mai dogayen kunnuwa, wanda ta fi ji da shi. Ta wanke kofaton da ruwan ɗumi da kanwa kwana uku, abin bai yi sauƙi ba. Sai Malam Sadi ya kira Maiwada.

Maiwada yana da rumfar maganin dabbobi a kasuwar Talata, yana kuma zagaya ƙauyuka a babur yana yin allura. Ban taɓa ɗaukarsa mugu ba, kuma har yanzu ban ce mugu ne ba. Surutu ne ya yi masa yawa, da son a san shi. Yana da shafi a Tiktok inda yake tallar wani haɗi nasa na ƙiba da yake durawa a kwalabe, kullum waya a hannu, ko fitsari akuya ta yi sai ya ɗauka.

Malam Sadi ya shigo da shi har bayan rumbu, Turai ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta. Ya duba kofaton, ya yanke inda ya ruɓe, ya yi allura. Aikin kam ya yi shi da kyau. Sannan ya ce bari ya ɗauki ƙafar a waya ya tura wa wani likitan dabbobi a Gusau, don a tabbatar ba wani ciwo ne daban ba. Turai ta ce to. Ya durƙusa ya ɗauka. Da ya miƙe sai ya ce, "Tubarkalla, masha Allah," ya juya wayar a hankali a kan ragunan nan bakwai, ɗaya bayan ɗaya.

Turai ta gani, kuma ba ta ce uffan ba. Ga dalili. A wurinmu, in baƙo ya ga dabbarka ya yi mata tubarkalla, kai kuma ka tare masa gani ko ka ce ya isa, to ka kira shi mai kambun baka ke nan, wanda kallonsa ke kashe abu. Zagi ne babba, balle ga mutumin da yanzun nan ya gama yi maka aiki, kuma mijinka na tsaye. Sai ta haɗiye maganar. Daga baya ta gaya mini cewa cikin duk abin da ya faru, wannan shirun nata ya fi komai ci mata rai.

Kwana takwas bayan haka, muna mayanka da hantsi, wani abokin sana'ata ya miƙo mini waya ya ce in ga raguna. Na karɓa na duba. Ban gane ɗakin da farko ba, igiyar na gane. Turai ita ke tufka igiyarta da rama, kuma tana ɗaura jan ƙyalle a kowane ƙulli. Ga balamin nan, ga sauran shida, kowanne ya cika ya batse. A kai kuma ga muryar Maiwada yana cewa jama'a su zo su ga aikin haɗinsa, wai wata uku kacal ragunan nan suka yi suna sha. Bai tsaya nan ba. Don a yarda da shi, ya faɗi sunan garin, ya faɗi gidan Malam Sadi tela, ya ce duk mai shakka ya je ya gani da idonsa. A ƙarshe ma ya ɗauki ƙofar gidan daga waje lokacin da zai hau babur. Dubban mutane sun riga sun kalla, a ƙasa kuma wasu na tambaya ta wace hanya ake shiga Kaya.

Washegari na sammaka na tafi. Na tarar da ita tana dakan gawo. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo yadda aka saba, ni kuwa wayar na ƙona mini aljihu. Da na nuna mata ta kalla har ƙarshe, ta ce in mayar, ta sake kallo. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ajiye taɓarya a hankali ta ce, "Ashe shi ya sa."

Sai ta ba ni labari. Shekaranjiya wasu mutum biyu a babur sun tsaya wurin mai shayi suna tambayar gidan Malam Sadi tela, wai raguna suke nema. Ba wanda ya san su. Mai shayin, Allah ya saka masa, ya ce telan ya daɗe da tashi ya koma Gusau. Ko masu saye ne na gaskiya, ko masu leƙo wa mutanen daji hanya ne, Allah kaɗai ya sani. Amma a gidan akwai Malam Sadi, akwai matar ɗanta da jikoki uku, kuma kowa ya san in aka shigo gida don rago ba a kan rago kawai ake tsayawa ba.

Malam Sadi ya ce a yi addu'a. Turai ta ce za a yi, amma ita ranar Talata tana kasuwa.

Na raka ta rumfar Maiwada. Ta yi masa sallama, ta gaishe shi har da tambayar iyali, sannan ta ce, "Maiwada, ƙahwa guda nac ce ka ɗauka. Wa yab ba ka sauran?"

Ya yi dariya, ya ce, "Haba Hajiya, ai talla niy yi maki kyauta. Bana kina zaune masu saye za su iske ki. Kuma ko huskarki ba ta hito ba."

"Huskata ba ta hito ba, ƙohwar gidana ta hito. Kuma yaushe bisashena sunka sha wanga ruwa naka?"

"Ai harkar kasuwa ta, Hajiya. Kowa haka shika yi."

"Cire shi."

Ya ce zai duba. Ya ce wannan bidiyo shi ya fi kowanne kawo masa jama'a, ya ce wayarsa ce, shi ya ɗauka da hannunsa, don haka hoton nasa ne. Ni a nan jinina ya hau, na fara naɗe hannun riga. Turai ta riƙe ni ta ce, "Kai, ba naman pawa ba na. Mu tahi." Ta ja ni gaban mutane kamar ɗan yaye, ni da furfura a gemu.

Daga kasuwa ba ta koma Kaya ba, sai ta ce mu hau mota zuwa Bakura. Malam Sadi yana da 'yar ƙanwa a can, Surayya, lauya ce a Gusau, kuma ta zo gida ganin mahaifiyarta. Turai ba ta taɓa shiga ofishin lauya ba, kuma a da in aka ambaci kotu sai ta ce Allah ya tsare. Ranar kuwa ta zauna a tabarma gaban yarinyar da ta goya, ta zayyana mata komai daki-daki.

Surayya ta kalli bidiyon, ta yi tambaya guda: da ya ce zai ɗauka, ya faɗi don me? Turai ta ce don likita. Surayya ta ce to nan maganar take. Ta ce, "Inna, abin da kinka ba mutum izni don wani dalili, ba shi da ikon juya shi zuwa wani dalili sai ya sake tambayar ki. Wayatai ta, gaskiya na, amma cikin gidanki ba nashi ba na, sunan Kawu da inda kuke zaune ba kayan tallatai ba na. Akwai doka kan haka. Sannan ya jingina ma haɗinai aikin da ba nashi ba, wannan kuma yaudarar masu saye ta." Ta ce za ta rubuta masa takarda ta ba shi kwana bakwai, in bai cire ba a tafi gaban alƙali.

Turai ta ce, "In ya cire, shi ke nan ya ɓace?"

Na ji daɗin yarinyar nan da ba ta yi mata ƙarya ba. Surayya ta ce a'a. Ta ce wanda ke shafinsa zai tafi, amma duk wanda ya riga ya sauke a wayarsa, ko ya tura wa wani ta Wasaf, wannan babu mai iya bin sa gida-gida ya goge. Turai ta gyaɗa kai, muka fito. A mota tana ta murza gefen mayafi.

Ni na kai takardar da hannuna, kuma na ji daɗin kai ta. Maiwada ya karanta, fuskarsa ta sauya, amma bai cire ba. Maimakon haka sai ya tura manya. Cikin kwana huɗu, ƙungiya uku ta je Kaya ba da haƙuri. Aka ce yaro ne, aka ce neman abinci ne, aka ce ba a san gidan Malam Sadi da shari'a ba, aka ce mace mai jikoki ba ta tsayawa gaban alƙali kan hoto. Malam Sadi ya karɓe su a zaure, ya ce ba komai, ya wuce. Da suka tafi ya shigo ya ce mata a bar maganar. Turai ta ce, "Malam, ka yahe naka, Allah shi ba ka lada. Amma har yanzu abin na nan cikin waya, kuma jikokina nan suka kwana." A shekara talatin, wannan ne karo na farko da na ji ta mayar masa da magana, kuma shi ma bai ja ba.

Rana ta shida aka ce a zauna a yi sulhu a kara, wato kasuwar dabbobi, a rumfar wani dattijo da dillalai da masu magani duka ke jin maganarsa. Surayya ta zo daga Gusau da takardunta. Dattijon ya saurari kowa, sannan ya dubi Maiwada ya ce, "Kai ɗan ƙasag ga na. Ka san abin da anka daina tambaya cikin gaisuwa. Kai kuma ka tashi ka hwaɗa ma duniya." Maiwada ya sunkuyar da kai. Ya fito da waya, ya goge bidiyon kowa na gani, ya ce wallahi bai yi tunanin abin zai kai nan ba. Na yarda da shi, don in da yana tunani da ba mu zo nan ba.

Sai ya ce don ya wanke laifinsa zai yi sabon bidiyo, ya ba Hajiya Turai ta Kaya haƙuri a gaban duniya, ya ce ita ce gwanar kiwo a duk ƙasar Maradun. Mutanen rumfa suka ce madalla. Ni ma, don wauta, na ce madalla.

Turai ta ce, "Wato ka sake kiran sunana, waɗanda ba su ji ba da hwarko su ji."

Ta juya ga Surayya ta ce, "Ɗiyata, waɗanda sunka ga na hwarko, in ya sa wani a wuri guda, suna gani?" Surayya ta ce da yawansu za su gani, tunda suna bin shafin. Turai ta ce to ga abin da take so a rubuta. Ranar Talata mai zuwa za ta fito da ragunan duka bakwai ta sayar. Ranar Laraba Maiwada zai zo Kaya da wannan waya tasa, ya shiga ɗakin nan, ya ɗauke shi babu komai ciki, ya faɗa da bakinsa cewa ragunan da ya nuna an sayar da su, gidan babu dabba ko ɗaya, kuma ba su taɓa shan haɗinsa ba. Ba zai ambaci sunanta ba, ba zai ambaci na mijinta ko na garin ba, ba zai nuna ƙofa ba. Kuma bidiyon zai zauna a saman shafinsa har bayan Salla.

Na ce, "Yaya, saura wata biyu da rabi hwa. Yanzu ko rabin darajarsu ba su kai ba. Kawo su wurina Mahwara in ɓoye maki."

Ta ce, "In sunka ɓace a ɓoye, wa zai yarda sun tahi? Sai a ce suna ciki. So nike kowa shi gani."

Maganar asarar da za ta yi, ta ce Surayya da dattijon su daidaita da Maiwada yadda doka da gaskiya suka ce, ita ba wannan ya kawo ta ba. Surayya ta rubuta komai, ta karanta da ƙarfi. Maiwada ya sa hannu. Aka miƙo wa Turai tawada ta dangwala yatsa, ta ture, ta karɓi biro ta rubuta sunanta da ajami, baƙi bayan baƙi, kowa na jira.

Ranar Talata na je da mota. Shekara shida muna lallaɓawa mu fitar da ragunanta ta ƙofar baya lokacin da gari ya watse gona. Wannan karon ta ce a tsayar da motar a bakin kasuwar garin, nesa da gidan, a jawo su a ƙasa ta tsakiyar gari. Haka aka yi, da rana tsaka. Mutane suka fito suna kallo, masu shayi da masu faci da mata ta kan katanga. Balamin na gaba, ƙafarsa ta warke sarai, yana taku kamar shi ya sayi garin. Turai na biye da mu har bakin mota, duk wanda ta gamu da shi sai ta ce, "Na sai da su, na huta." Ni kaɗai na san abin da wannan kalma ke ci mata.

A kara dillalai suka yi musu caa. Wani Alhaji daga Sakkwato ya kwashe biyar, balamin na ciki, sauran biyun ma nan take aka saye su. Da za a ɗora shi a mota ta matsa ta ɗora masa hannu a gadon baya, ta daɗe a haka, sannan ta gaya wa mutumin kada a ba shi dusa busasshiya, shaƙe shi take yi. Raina ya ɓaci ƙwarai a wurin. Wata tara da rabi na wahalarta ne ke tafiya, saboda wani ya so a kalli shafinsa.

Laraba da hantsi Maiwada ya iso. Turai ta share ɗakin tas, ta bar turaku bakwai a kafe, ta tsaya bayansa inda waya ba ta kai ba. Ya ɗauka, ya yi bayani da sauri, ya ce an gama. Ta ce a kunna ta ji. Da ta ji sai ta ce bai faɗi maganar haɗin ba. Ya sake. A na biyu ya faɗa, amma can ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Ta ce ya sake, ya ɗaga murya yadda ya ɗaga ranar da yake talla. A na uku ya faɗa sosai, ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya, ya nuna kowane lungu na ɗakin. Ta sa ni na duba a wayata har na ga ya hau shafin, sannan ta ce a kawo masa ruwa ya sha. Ya sha, ya yi sallama, ya tafi ba tare da ya ɗaga ido ba.

Ba zan ce wannan bidiyo ne ya tsare gidan ba, Allah ne mai tsarewa. Abin da na sani shi ne ba a sake ganin baƙon babur yana tambayar gidan tela ba, kuma jikokinta suna nan lafiya.

Ranar Larabar nan ban koma Mafara da wuri ba, na tsaya muka yi la'asar da Malam Sadi. Da na shigo yi mata sallama ban gan ta a tsakar gida ba. Na zagaya bayan rumbu, sai na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakin da babban kwano a hannu, cike da jiƙaƙƙiyar dusa. Tun da safe ta jiƙa ta, hannunta ya yi aikinsa bai tambaye ta ba, sai da ta iso ƙofar ta tuna. Ta daɗe tana kallon turakun. Na ga idonta ya kawo ruwa, na kau da kai, don na san in ta gane na gani ba za ta yafe mini ba.

Ta miƙo mini kwanon ta ce in kai wa maƙwabta su ba awakinsu. Na karɓa, na juya zan tafi, sai ta kira ni.

"Sharhabilu, bayan Salla da kwana ukku ka nemo mani bakwai. Masu hwaɗin ƙashi. In kak kawo mani irin naka zaɓen, da kai da su za ku koma."